Farar Rigar Mama Tela

Akwai wata mata mai ɗinki da kowa a layinsu yake kira Mama Tela. Hannunta yana da kyau, wannan ba a yi mata musu, domin in ta ɗinka wa yaro riga sai ka rantse a jikinsa aka saƙa ta. Kuma ba ta wasa da ibada. Ita ce ta farko a majami'a ranar Lahadi, ita ce take wanke farin ƙyallen bagade, wato teburin ibada da ke gaban majami'a, ta goge shi, ta san mazaunin kowa fiye da mai tsaron ƙofa. Aibinta ɗaya ne, amma babba ne. In ta ce abu kaza shi ne daidai, to magana ta ƙare, ko da a kan sha'anin Allah ake zance. Tana da wata ɗabi'a da 'ya'yanta suka sani tun suna ƙanana. In kana yi mata maganar da ba ta so, ba za ta zage ka ba, ba za ta kore ka ba. Ƙafa kawai za ta ɗora a kan keken ɗinki ta hau takawa, ƙara ta cika shagon, kai kuma bakinka ya yi ta motsi a banza har ka gaji ka fita.

A saman kabad ɗin shagon akwai wani akwatin kwali da ba ta yarda kowa ya taɓa ba. A ciki akwai farar rigar jarirai, doguwa, mai leshi a wuya da ƙananan maɓallai a baya. 'Ya'yanta duka a cikin rigar nan aka yi musu baftisma, tun cibiyarsu ba ta gama warkewa ba. Mutane sun yi ta yaba mata himma. Ba su san tsoro ne yake korar ta ba.

Wadda aka ɗinka wa rigar ba ta taɓa sa ta ba. 'Yarta ce ta fari, an haife ta 'yar mitsitsiya, kuka ma da ƙyar take yi. Marigayi mijinta ya ce a kai ta a yi mata baftisma a Lahadin farko, kowace riga ta isa. Mama Tela, lokacin tana ji da ƙuruciya, ta ce sam, 'yar tela ba za ta shiga majami'a da rigar kanti ba, a jira ta gama leshin. Aka jira. Wata rana da hantsi tana kan keke, jaririyar tana kwance a bayanta tana ɗan kuka, ta ce a ranta bari ta ƙarasa wannan layin tukuna. Da ta ɗage ƙafa sai ta ji ɗakin shiru. Likita ya ce zazzaɓi ne, ko da an kawo ta da wuri ba lallai ta rayu ba. Limamin majami'arsu ya sha gaya mata cewa jinƙan Allah bai tsaya a bakin kwanon baftisma ba, yarinyarta tana hannun da ya fi nata. Takan ce to, amma maganar ba ta taɓa shiga ba. Ta hana a ambaci sunan yarinyar a gidan. Tun daga lokacin, in tana ɗinki ita kaɗai da rana tsaka, takan ji kukan jariri siriri a ƙarƙashin ƙarar keken. In ta tsaya ya ɗauke, in ta ci gaba ya dawo.

Shekaru suka wuce, 'ya'ya suka girma suka watse, aka bar ta da Auta a kusa. Auta mai gyaran lantarki ne, mutum mai sanyin hali kamar ubansa. Ya auri wata malamar makaranta, suka kama haya a saman wani bene, tafiya kaɗan daga shagon. A majami'ar matarsa suke sujada, kuma can ba sa yi wa jarirai baftisma. Abin da suke yi shi ne sujadar godiya. Iyaye su kawo jaririn gaban ikkilisiya su gode wa Allah da ya ba su shi, a faɗi sunansa kowa ya ji, fasto ya ɗora masa hannu ya sa albarka, jama'a su miƙe tsaye su yi alkawarin taya iyayen renonsa cikin bangaskiya. Baftisma kuwa sai yaron ya yi wayo ya neme ta da bakinsa.

Matar Auta ta sha wuya kafin ta riƙe ɗa a hannu. Ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ta daina sayen kayan jarirai don kada ta sake rabar da su. A kan gadon asibiti ta yi wa Allah alkawari, in ya bar mata ɗaya, za ta tsaya gaban jama'a ta gode masa da muryarta. Da Allah ya ba ta 'ya mace mai lafiya, ba ta da zance sai na ranar godiyar nan.

A faɗi gaskiya, Mama Tela ta yi wa surukarta hidima. Ta yi wanki, ta yi girki, ta yi wa jaririyar wanka safe da yamma, har Auta ya yanko makullin gidan ya ba ta don ta daina ƙwanƙwasa ƙofa tana tayar da mai jego. Lafiya lau ake zaune, sai ranar da Auta ya leƙa shago ya tarar ta sauke akwatin kwalin tana shanya farar rigar.

Ya zauna a kan bencin masu kawo ɗinki ya yi mata bayani a hankali. Ya ce ba raina baftisma suka yi ba, so suke yarinyar ta shiga ruwan tana sane da abin da take yi.

"Godiya?" in ji Mama Tela. "Ai ko maƙwabciya ta ara maka tsintsiya kana gode mata. Ita yarinyar fa, me za ta samu a ciki? In wani abu ya faru kafin ta yi wayon, sai ku ce me?"

"Mama, yarinyar nan a hannun Allah take, ko da ruwa ko babu. Ki bari in gaya miki abin da muka shirya. Akwai maganar sunanta ma, don ke..."

Ta ɗora ƙafa a kan keke. Auta ya yi ta magana, allura ta yi ta cin yadi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da ya miƙe zai tafi ta tsaya, ta ce masa a gaban wasu mata biyu da suka zo karɓar ɗinki, ƙafarta ba za ta ƙara taka gidansa ba sai ranar da aka yi wa jikarta baftisma, kuma ba ta son jin wani suna da ba a kan ruwa aka raɗa shi ba. Da a ɗaki ta faɗa, wataƙila da ta lashe abinta. Amma ta faɗa a gaban mutane, kuma Mama Tela gara ta haɗiye allura da a ce ta janye magana.

Ƙanwarta, wadda take sayar da zare da maɓallai a gefen shagon, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce, "Yaya, ki je mana ko a kujerar baya ki zauna. Albarka za a sa wa yarinyar, ba wuta za a jefa ta ba." Ita ma keken aka taka mata. Auta ya dawo sau da yawa, kowane zuwa da ƙarar keke ake sallamarsa.

A kwanakin nan kukan ya ƙaru. Da can sai tana ɗinki take jin sa, yanzu kuwa ko almakashi ta ɗauka sai ta ji shi a bayanta, daidai inda tabarmar 'yar fari take a da. Ta waiga, ba komai sai tarin ƙyallaye. Ta fara gaya wa kanta cewa gargaɗi ake yi mata. Ta yi jinkiri sau ɗaya ta gani, ba za ta zauna ta zuba ido yara su maimaita kuskurenta ba. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko jikar nan tata ce ko ta iyayenta ba.

Ranar Lahadin godiyar ta tashi da sassafe, ta naɗe farar rigar a jaka, ta kashe wayarta ta jefa a ciki. Ta san Auta zai riga kowa zuwa majami'arsu don ya haɗa lasifika ya jera kujeru. Ta hau benen a hankali, ta sa makulli ta buɗe. Falon yana ƙamshin sabulun jarirai. An goge kayan da mai jego za ta sa an shimfiɗa a kan kujera. Daga banɗaki ana jin zubar ruwa da muryar surukarta tana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Jaririyar tana barci a ɗan gadonta, hannu a dunƙule kusa da kunne.

Mama Tela ta tsaya a kanta. Ta ce a ranta ai tata majami'ar ba nisa, kafin surukarta ta gama wanka da shafa da ɗaurin ɗankwali ta je ta dawo, in ya so su yi godiyarsu a kan yarinyar da aka riga aka tsare. Ta cire mata rigar barci ta sa mata farar. Yarinyar ta motsa baki ta ci gaba da barcinta. Ta rungume ta ta fita, kuma da yake hannuwanta biyu a cike suke, ta bar ƙofar a buɗe.

Lissafinta ya karkace tun daga bakin majami'a. Ta tarar an riga an fara sujadar farko, limamin yana kan bagade, ba halin kiransa. Ta zauna a bencin ƙarshe tana jijjiga jaririyar, aka yi waƙa, aka yi karatu, aka yi wa'azi, ita kuwa zufa tana keto mata. Sau biyu zuciyarta ta ce ta tashi ta mayar da 'yar mutane. Sau biyu ta ce ta riga ta zo, ba za ta koma haka nan ba.

Da aka tashi ta bi limamin ɗan ɗakin da ke gefen bagade, inda yake cire rigar sujada. Shi ne dai wanda ya binne mata 'yar fari, yanzu ya tsufa, gira ta yi fari fat. Ya dubi rigar, ya gane ta, ya dubi Mama Tela.

"Ina iyayenta?"

"Suna nan tafe, Baba. Sun ce in fara zuwa."

Mace mai wanke ƙyallen bagade ta yi ƙarya a ɗakin bayan bagade, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Tsohon bai ce ta yi ƙarya ba. Ya miƙa yatsa jaririyar ta kama, sannan ya yi tambayar da ake yi wa duk wanda ya kawo jariri baftisma.

"Wane suna za a kira ta da shi?"

Sai a lokacin Mama Tela ta farga. Ta ɗauko yarinya daga gadonta, ta ratsa titi da ita, ta zo tana neman a yi mata baftisma, ga shi ko sunanta ba ta sani ba. Duk ranar da aka zo gaya mata, keke ta taka.

Limamin ya ce ba zai zuba wa 'yar mutane ruwa a ɓoye ba, baftismar sata ba baftisma ba ce, kuma alkawarin da ake yi a kan kwanon na iyaye ne. Ta fara yi masa gardama, tana cewa in wani abu ya samu yarinyar alhakin yana wuyansa. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce a hankali, "'Yata, wadda kike so in yi wa baftisma ba wannan ba ce. Waccan kuwa ta daɗe da isa gida, ke ce kika ƙi yarda. Wannan tana da uwa, kuma uwar ba ta san inda take ba. Tashi ki mayar da ita yanzu."

Ta rungumi jaririyar. Ta fito ba sallama.

Tun daga kan kwana ta hango layin su Auta cike da mutane. Mutanen majami'arsu ne cikin kayan ado, waɗanda suka taru don godiya, yanzu sun bazu suna leƙa kwata da bayan shaguna da ƙarƙashin motoci. Ga motar 'yan sanda a bakin benen. Ba wanda ya kawo Mama Tela a ransa, domin duk layin an san ta rantse ba za ta taka gidan ba, kuma an san ba ta janye magana. Abin da aka sani kawai, mai jego ta fito daga wanka ta tarar da ƙofa a buɗe, gado ba kowa, rigar barcin yarinyar a yashe a ƙasa.

Sai Mama Tela ta ji wani sauti. Surukarta tana durƙushe a gindin matakala, ba takalmi, zane ɗaya a ƙirji, kumfar sabulu ta bushe a wuyanta. Ta yi ihu har murya ta ƙare, abin da ya rage wani gunji ne da yake fitowa daga ciki, ba kalma a cikinsa. Mama Tela ta san sautin nan. Ita ta yi shi a ɗakin ɗinki ranar da ta ɗage ƙafa ta ji shiru, kuma ta yi shekaru tana roƙon Allah kada ya ƙara jiyar da ita irinsa. Yau ga shi da hannunta ta sa shi a bakin wata.

Mutane suka dare suka ba ta hanya, wurin ya yi tsit. Matar Auta ta ɗago kai. Ba ta yi zagi ba, ba ta ma dubi fuskar surukarta ba. Ta karɓe 'yarta, ta ɓalle maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, ta cire farar rigar ta bar ta ta faɗi ƙasa. Ta duba yatsu, ta duba ciki, ta kara kunne a ƙirjin yarinyar, sannan ta cusa ta cikin zanenta ta hau bene.

Auta ya sunkuya ya ɗauki rigar, ya kakkaɓe ta, ya miƙa wa uwarsa. Idanunsa sun yi ja. Mama Tela ta fara cewa don amfanin yarinyar ta yi, ai ko ruwan ma ba a zuba ba. Ya tsaya ta gama, abin da ita ba ta taɓa yi masa ba.

"Mama, ba ni makullin."

Ta ciro ta ba shi a gaban jama'a.

Ba a yi godiya ran nan ba. Matar Auta ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe, ta koma ba ta iya shiga wanka sai an ajiye mata yarinyar a bakin ƙofa inda take ganinta. In ta ji motsin makulli a ƙofar maƙwabta sai ta zabura. Likita ya ce a canza mata wuri. Kafin yarinyar ta fara zama, Auta ya kwashe iyalinsa suka koma wani gari mai nisa, kusa da dangin matar. Can aka yi sujadar godiyar, ba a aiko wa Mama Tela ba.

Ƙanwarta ce ta je. Da ta dawo ta shigo shago ta zauna a kan benci, ta ce yau kam sai Yaya ta saurare ta. Mama Tela ta kai ƙafa kan keke, ƙanwar ta riƙe ƙafafun keken da hannu biyu.

Ta gaya mata abin da Auta ya yi ta zuwa faɗa. Shi ne ya matsa mata, ita ƙanwar, har ta ba shi labarin yayarsa da ba a ambata, da sunanta. Shi da matarsa suka yanke shawara su sa wa 'yarsu sunan nan. Sun ajiye wa Mama Tela kujera a sahun gaba, har da matashi saboda ciwon bayanta. Sun shirya ita za ta ɗauki jaririyar zuwa gaba a cikin farar rigar, ita za ta faɗi sunan da bakinta. Faston kuma ya yarda a cikin addu'ar zai gode wa Allah saboda 'yar farin ma, da 'yan kwanakin da ta yi a duniya, abin da ba a taɓa yi mata ba. Matar Auta ce ta kawo wannan shawarar, ta ce ita ta san zafin ɗan da ba a ambatonsa.

Mama Tela ta sauke ƙafa daga kan keken. Can ta tambaya, da wata murya da ƙanwar ba ta san ta da ita ba, ko sun sa sunan.

"A'a, Yaya. Sun sa wani. Uwar ta ce ba za ta iya kiran sunan ba ta tuna da ranar nan ba."

Auta bai yanke zumunci ba. Yana kira a waya, yana aiko da abin da ya samu, yakan zo shi kaɗai ya wuni ya koma. Mama Tela ta ba da haƙuri, kuma surukarta ta aiko cewa ta yafe, amma har yanzu in aka ce za a kawo yarinyar sai jikinta ya hau rawa, sai a ɗaga tafiyar. Mama Tela ta ga jikarta tana rarrafe a wayar ƙanwarta, ta ga ta fara tafiya, ta ga ta sa kayan makaranta. Hannunta bai ƙara taɓa ta ba.

Har yau shagon yana nan, akwatin kwalin yana saman kabad. Masu kawo ɗinki sun ce Mama Tela ta canza, in kana magana takan ɗage ƙafa ta saurare ka har ka gama, wani lokaci ma ka gama ta ci gaba da kallonka kamar akwai saura. Ba ta son ɗinki in ba kowa a shagon. In ta zauna ita kaɗai da rana tsaka ta taka keken, murya biyu take ji yanzu. Akwai siririn kukan nan na da, akwai kuma gunjin mace a gindin matakala. In ta tsaya, na jaririn yakan ɗauke. Na uwar ba ya ɗaukewa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, taurin kai yakan sa rigar ibada har mai shi ya kasa gane shi. Masu bi sun bambanta a kan baftismar jarirai da sujadar godiya, kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma kowannensu Allah yake miƙa wa yaron. Laifin Mama Tela ba abin da ta gaskata ba ne. Laifinta shi ne ta ƙi saurare, ta ɗauki tsoronta ta mai da shi doka a kan 'yar wasu, ta bi ta hanyar ɓoye da ƙarya don ta yi abin da take gani alheri ne. Ɗa amanar iyayensa ne, kaka mai taimako ce, ba mai ƙwace ba. Duk wanda wani nasa ya zo masa da magana, ya daure ya ji ta har ƙarshe, domin wani lokaci maganin da ka yi shekaru kana nema yana cikin maganar da ka ƙi ji.